Filin Ajiye Motoci da Muhalli: Muhimmancin Shiri na Dogon Lokaci

Gabatarwa

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin kafawa da kula da kasuwanni da mahauta da tashoshin mota. Galibi akan ɗauki tasha ko filin ajiye motoci a matsayin hanyar samun kuɗin shiga kawai, wato a keɓe fili, a share shi, a malala kwalta, sannan a sa mai yankan rasit a bakin ƙofa. To amma wa'adin shugaban ƙaramar hukuma 'yan shekaru ne, alhali kuwa fili idan aka shafe shi da kwalta yakan daɗe a haka har yaran da aka haifa a lokacin su girma. Wannan maƙala za ta yi bayanin abubuwa uku da ilmin halittu ya nuna cewa wajibi ne a yi lissafinsu tun kafin a fara aiki: ruwa, zafi da kuma itatuwa.

Ina Ruwan Sama Yake Tafiya?

Idan aka yi ruwan sama na milimita 1 a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1, to lita 1 ta ruwa ce ta zuba. Hekta guda tana da murabba'in mita 10,000, kuma tana iya ɗaukar ƙananan motoci tsakanin 300 da 400 idan aka haɗa da hanyoyin shiga da fita. Saboda haka ruwan milimita 50, irin wanda akan yi a dare ɗaya a watan Agusta, zai zubar da lita 500,000 a kan wannan fili, daidai da durom 2,500 masu cin lita 200.

A gona ko a daji, ƙasa takan shanye kaso mai yawa na wannan ruwa, ya gangara sannu a hankali zuwa inda rijiyoyi ke samun nasu. Kwalta da siminti kuwa ba sa shan ruwa. Kusan dukkansa yakan kwarara a lokaci guda zuwa lambatu, in lambatun ya cika sai ya faɗa wa gidaje da shagunan da ke gangare. Wanda ya rage yakan kwanta a ramuka da sawun taya. Irin waɗannan ƙananan kududdufai da rana ke dukansu su ne wuraren da sauron anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya fi son zuba ƙwansa, kuma a lokacin zafi cikin kimanin kwana 10 ƙwan ya zama sauro mai tashi.

Bugu da ƙari, ruwan ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yakan kwashi baƙin mai da fetur da ƙurar taya. A yankin birnin Siyatil na ƙasar Amurka an daɗe ana ganin wani kifi mai suna koho yana mutuwa a rafukan cikin gari bayan an yi ruwan sama, tun bai kai ga zuba ƙwai ba. A shekarar 2020 masu bincike na Jami'ar Washinton suka gano musabbabin. Akwai wani sinadari mai suna 6PPD da ake sa wa taya don kada ta tsattsage. Idan ya haɗu da iskar ozon sai ya rikiɗe ya zama guba ga wannan kifi. Abin sha'awa shi ne, gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka tace ruwan titin ta cikin cakuɗen yashi da ruɓaɓɓen taki, kifin yakan rayu. Ashe ke nan ƙasa da ƙananan halittun da ke cikinta matata ce, kuma duk filin da aka rufe ta ruf an rasa wannan matata.

Zafi da Aikin Itace

Baƙin abu yana zuƙe hasken rana fiye da fari. Da tsakar rana a lokacin bazara zafin kwalta yakan wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma takan ci gaba da fitar da wannan zafi har cikin dare. Fasinjoji da 'yan talla da masu lodi su ne ke shan wahalarsa, sannan fetur yakan fi saurin tsiyayewa a matsayin tururi daga motar da ta yi zafi.

Itace yana rage zafi ta hanya biyu. Ta farko ita ce inuwa. Ta biyu kuwa, saiwoyi suna jawo ruwa daga ƙasa, ya hau zuwa ganye, ya fita ta wasu ƙananan ƙofofi a matsayin tururi. Kowace lita ta ruwa da ta zama tururi takan tafi da zafin da ya kai kimanin kilojul 2,400. Wannan ne dalilin da ya sa inuwar itace ta fi ta rumfar kwano sanyi.

Darasi Daga Sakramento

A shekarar 1983 hukumar birnin Sakramento da ke jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa kowane sabon filin ajiye motoci dole ne a dasa masa itatuwan da za su rufe rabinsa da inuwa cikin shekara 15. A 2001 wani masanin gandun daji, Gregory McPherson, ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a kan wasu daga cikin filayen, inda ya nuna cewa inuwar da aka samu ba ta ko kusanci rabin da doka ta nema ba.

Ilmin tsirrai ya bayyana yadda hakan ke faruwa. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar oksijin kamar sauran sassan itace. Ƙasar da aka daddanne da injin kafin a zuba kwalta ba ta da kafofin iska ko na ruwa. Itacen da aka dasa a ɗan ƙaramin rami a tsakiyar irin wannan ƙasa tamkar an dasa shi ne a tukunya: zai tsumbure, ko ya bushe. Doka kaɗai ba ta raya itace.

Abubuwan da Shiri Zai Ƙunsa

(a) A auna gangaren fili, a san inda ruwansa zai nufa kafin a tsaga layin motoci.

(b) A bar ɗan kwari mai yashi da ciyawa a gefen gangare, wanda zai shanye ruwa cikin kwana ɗaya ko biyu, tun tsutsar sauro ba ta girma ba.

(c) A yi kwalta a hanyoyin da motoci ke bi kawai, a zuba tsakuwa ko a jera bulo mai tazara a wuraren tsayawa.

(d) A zaɓi itatuwa masu jure fari da faɗin inuwa, kamar maɗaci da darbejiya. Tsamiya tana da inuwa mai kyau amma tana da jinkirin girma. Mangwaro kuwa yakan jawo jifa, jifa kuma ta fasa gilashi.

(e) A ware kuɗin ban ruwa, da na shingen kare dashe daga awaki, da na maye gurbin wanda ya mutu, a cikin kasafin kowace shekara.

Aikin Gwaji Don Ɗalibai

Malami zai iya kai ɗalibai tasha mafi kusa da ƙarfe 2 na rana, su auna zafin ƙasa a kan kwalta, da kan yashi, da ƙarƙashin itace. Sannan su auna tsawo da faɗin filin, su lissafa litar ruwan da zai zuba a kansa idan aka yi ruwan milimita 30, su kuma bi lambatu su ga inda yake ƙarewa.

Kammalawa

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ana iya malala kwalta cikin mako guda, amma maɗacin da zai yi mata inuwa sai ya shekara 10 ko fiye. Ƙaramar hukumar da ta tsara hanyar ruwa da wurin saiwa tun daga farko, ita ce za ta huta da kashe kuɗin yashe lambatu da cike ramuka a kowace damina.