DARASI: IYALAN WANDA YAKE BAKIN DAGA, YAYA ZA A RIƘA JIN JUNA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, yau ina so mu tsaya a kan gidajen da maigida, ko ɗa, ko ƙani yake bakin daga, musamman sojojinmu da ke Borno da Yobe da dazukan Zamfara. Matan nan da iyayen nan suna kwana da waya a hannu. A shekarar 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno, Yobe da Adamawa. A 2021 ma an yi haka a Zamfara. Ku auna halin uwar da ta yi makonni ba ta ji muryar ɗanta ba.

Wannan damuwa ta samo asali tun zamanin Sahabbai. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yakan bi gidajen waɗanda suka fita yaƙi ya tambayi buƙatunsu. In wasiƙu sun iso, da kansa yake kai wa matan, wadda ba ta iya karatu ba ya tsaya bakin ƙofa ya karanta mata. Ya kuma tambayi 'yarsa Hafsa (RA) tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin miji, sannan ya sa wa'adi na 'yan watanni, kada a riƙe mayaƙi fiye da haka.

Ga darussa huɗu da nake so mu riƙe.

Na ɗaya, ke 'yar uwa, in ya samu ya kira, sau da yawa mintuna kaɗan ne. Fara da lafiyar yara da addu'a. Rigimar dangi in za ta iya jira, ta jira. Amma rashin lafiya mai tsanani ko bashi, kada a ɓoye masa, a nemi lafazi mai taushi kawai.

Na biyu, kada a tambaye shi inda suke ko yaushe za su motsa. In ya faɗa bisa kuskure, kada a sa a WhatsApp ko Facebook. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu yayata labarin aminci ko tsoro ba tare da mayar da shi ga masu alhakinsa ba. Hoto ɗaya yana iya jawo wa runduna guda kwanton ɓauna.

Na uku, in an ji labarin hari, a daina tura hotunan gawarwaki, a daina kiran matar ana "kin ji daga wajensa?" Shirun waya sau da yawa rashin sabis ne. A jira labari tabbatacce.

Na huɗu namu ne, mu maƙwabta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu ɗan Khalid (RA) cewa wanda ya kula da iyalan mayaƙi da alheri yana da ladan yaƙin. Muslim kuma ya ruwaito daga Buraida (RA) cewa alfarmar matan mayaƙa a kan waɗanda suka zauna gida daidai take da ta iyayensu mata. To kai mai fakewa da "taimako" kana yawan kiran matar soja da dare, ka ji tsoron Allah. Taimako ya bi ta hannun matarka ko muharraminta.

Kai kuma ɗan uwa da ke can, in ka samu sabis, ko saƙon "lafiya nake" ka tura wa mahaifiyarka. Sada zumunci ne.

Allah Ya tsare su, Ya dawo da su lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wallahu a'alam.