Ƙugiya da Ma'ana: Tace Bayanan Noma na Yankin Funtuwa da Malumfashi da Manhajar R

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wasu umarnan sarrafa rubutu a manhajar R, da yadda manazarcin Hausa zai tace bayanan fage da su ba tare da ya gurɓata ma'ana ba.

1.0 Gabatarwa

Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka samar da R a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990 domin nazarin ƙididdiga. Sai dai kafin a ƙidaya kalma, wajibi ne rubutunta ya daidaita. A ɗauka manazarci ya tattara amsoshin manoman masara da auduga a Funtuwa, Bakori, Ɗanja da Malumfashi, mataimaka da dama suka shigar da su kwamfuta. Zai tarar da Funtua, Funtuwa da FUNTUA, manhajar kuwa za ta lissafa su a matsayin garuruwa uku.

2.0 Daidaita Sunaye

Umarnin trimws yana share sararin da ya maƙale a farko ko ƙarshen kalma, tolower kuma yana mayar da manyan haruffa ƙanana. Bayan su sai gsub, mai musanya wani rubutu da wani: gsub("funtua", "funtuwa", x) zai haɗe sunan wuri guda.

3.0 Matsalar Ƙugiya

A nan gizo ke saƙa. Masu shigar da bayanai kan yar da ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ. Manomin da ya ce ƙwari sun cinye masa auduga, da wanda ya ce gonarsa tana cikin kwari, duk za a rubuta musu "kwari". Idan manazarci ya musanya kowace k da ƙ, zai gyara Ƙanƙara, amma ya mayar da Bakori Baƙori, kwaruruka su zama ƙwari. Abin da ya dace shi ne a zaƙulo layukan da kalmar ta fito da grepl, a karanta muhallinta, sannan a gyara.

Haka nan strsplit, mai datsa jimla zuwa kalmomi: idan aka umarce shi ya datsa a kan kowace alamar rubutu, zai raba sana'a gida biyu, domin bai san hamza baƙi ba ce a Hausa. Shi kuwa nchar, mai ƙirga haruffa, zai ba da 5 ga ƙwari, amma 6 idan aka nemi adadin bayit, saboda ƙ tana cin bayit biyu a tsarin UTF-8.

4.0 Kammalawa

Manhaja siffar rubutu kawai take gani. Don haka ya kamata manazarci ya adana kwafin asali kafin gyara, ya kuma bar hukuncin ƙugiya a hannun masanin harshe, kada rahotonsa ya danganta wa manoma ɓarnar ƙwarin da ba su ambata ba.