Darasi a Kan Sanin Ƙimar Tsohon Amalanke Kafin a Saya

 

Ya ƴan'uwa, duk sa'ad da kaka ta gabato a ƙasar Madarunfa, daga Gabi har Ɗan Isa da Jiratawa, manomi yakan shiga neman amalanken da zai kwaso masa gero da wake da aya. Kaɗan ne ke da ikon sabo, galibi sai na hannu. Sau da yawa kuɗin na bijimi ne da aka yi shekara ana kiwo, ko kuwa adashin uwargida. In aka yi sayen banza, gida guda ne zai ji a jikinsa har wata damina.

Mu fara sanin cewa shari'a ba ta yanke wa kaya farashi ba. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya ruwaito cewa an yi tsada a Madina, mutane suka nemi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Ƙimar abu ita ce abin da ake sayar da irinsa a wannan wuri, a wannan lokaci. Amalanke yakan yi tsada da kaka da kuma lokacin kai taki gona. Mu kuma da ke bakin iyaka muna da ƙarin lura: wanda ya ji farashi a Jibiya da naira, sai ya juya shi zuwa sefa da canjin ranar, ya ɗora kuɗin hanya. Dattawanmu ba su manta Janairun 1994 ba, da aka zabge rabin darajar sefa. Naira ita ma ta faɗi ƙwarai tun daga Yunin 2023.

Hanyar lissafi ba ta da wuya. A je wajen masu walda biyu ko uku a Maraɗi a tambayi kuɗin sabo. Sa'an nan a dubi tsohon da rana tsaka, tare da wanda ya san ƙarfe. A ɗaga ƙafa a juya ta, a girgiza: in tana rawa ko tana gurnani, boris ya ci. A leƙa ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun, ko ya taɓa karyewa aka yi masa walda, domin nan ne ran amalanke. A ƙwanƙwasa katako saboda gara, a duba tsagar taya. Sabon fenti kuwa, a ganinmu, ya fi tsatsa abin tsoro, don tsatsa ba ta ɓoye komai. Mu ƙaddara, misali kawai, sabo jika 200 ne, tayoyi za su ci jika 30, boris da katako jika 20. Wanda ya biya jika 160 ya kashe 210 ke nan a kan tsoho, har ban da la'adar dillali.

To, in an riga an saya fa? A nan mazhabar Imamu Malik ta bambanta abubuwa biyu da jama'a ke cakuɗawa. Na farko aibi. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya kawo hani ga algus da ɓoye aibi a ciniki. Idan mai amalanke ya san ƙarfen ya tsage ya shafe shi da fenti, mai saye yana da zaɓi in ya gano: ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Faɗar mai kaya cewa ya sayar yadda aka gan shi ba ta wanke shi daga abin da ya sani ya rufe. Amma aibin da aka nuna maka, ko ka gani ka yarda, babu komawa a kansa.

Na biyu tsada zalla, ba tare da aibi ba. Mashahurin zance shi ne, wanda ya yi tayi da bakinsa har aka sallama masa, ciniki ya ƙullu ko da ya biya fiye da ƙima. An keɓe mutumin da ya ce da mai kaya bai san kasuwa ba, a sayar masa yadda ake sayar wa mutane, aka kuwa yi masa ƙarya. Wannan yana da hakkin warwarewa. Alƙali Ibn Asim na Andalus, a cikin Tuhfa, ya ba da damar ƙara da sharuɗɗa: mutum ya kasance bai san ƙimar ba, cutar ta kai sulusi, kuma shekara ba ta wuce ba.

Saura wata ɗabi'a da muke gani a bakin kasuwa, wadda malamai ke kira najashi: a sa wani ya zo yana ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don baƙauye ya ruɗe ya ɗaga. Annabi (SAW) ya hana wannan. In ta tabbata da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana iya mayar da amalanken muddin yana nan yadda yake. Don haka muke ba da shawarar a ƙulla cinikin gaban shaidu biyu, a faɗi aibobin da aka sani da baki, a kuma nemi sharaɗin gwaji na kwana ɗaya ko biyu da kaya a kai, tun kafin kuɗi su bar hannu.