Ruwan Sama a Tsakiyar Hunturu

In aka ce wa mutumin Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi an yi ruwa a watan Janairu, dariya zai yi. A wurinmu lokacin hunturu ke nan. Iska tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar ƙasar Cadi, leɓe ya tsage, gulbin Gagare ya koma rairayi. Ruwa kuwa sai wajen Mayu ko Yuni.

To, amma akwai busassun ƙasashe waɗanda daminarsu a lokacin sanyi take, kamar Maroko da Iran da Afganistan. Tsakanin Nuwamba da Afrilu suke samun yawancin ruwansu. Wani ya sauka a gonakin alkama, wani ya sauka bisa duwatsu a matsayin dusar ƙanƙara, in zafi ya zo ta narke ta cika musu rafuka. Abin da ya ba ni mamaki da muka zo kan wannan darasi shi ne, yawan ruwan nan ko ƙarancinsa yana da nasaba da abin da ke faruwa a tekunan yankin zafi, dubban mil daga can.

Ga yadda abin yake. Inda ruwan teku ya yi ɗumi sosai, tururi yakan tashi ya haɗa hadari mai tsawo. Sa'ad da tururin ke komawa ruwa, sai ya saki zafi a can sama, zafin ya ture iskar da ke kewaye da shi. Kun san in yaro ya jefa dutse a tsakiyar tafki, igiyar ruwan sai ta kai gaɓa, ta girgiza ciyawar da dutsen bai taɓa ba. Haka wannan turi yake tafiya cikin sararin sama har ya lanƙwasa wata iska mai tsananin gudu da ke can bisa, wadda ita ce ke jan hadarin lokacin sanyi daga yamma zuwa gabas. In ta karkata wajen wata ƙasa a sha ruwa, in ta kauce a sha fari.

Wannan hadari na yankin zafi ba wuri ɗaya yake zaune ba, zagaye yake yi. Akwai gajeren zagaye da wasu masana biyu na Amurka, Roland Madden da Paul Julian, suka gano a 1971. Tarin hadari ne da ke tasowa a tekun Indiya, ya bi gabas sannu a hankali, ya sake dawowa cikin kwana 30 zuwa 60. An lura cewa in ya yi sansani a gabashin tekun Indiya, ruwa yakan ragu a Iran da Afganistan a waɗannan makonni.

Dogon zagayen shi ne El Nino, sunan da masuntan ƙasar Peru suka raɗa. Bayan shekara 2 zuwa 7, ruwan gabashin tekun Fasifik yakan yi ɗumi fiye da kima. In kuma ya yi sanyi fiye da kima, sai a ce La Nina. A shekarun La Nina ne, daga 1998 zuwa 2001, Iran da Afganistan da Fakistan suka sha wani mugun fari, rijiyoyi suka ƙafe, garkuna suka ƙare.

Kada wani ya ce duk labarin nesa ne. A nan Afirka ta Yamma ma akan yi ruwa cikin rani jefi-jefi. Iska mai sanyi takan gangaro daga arewa ta kan tekun Atlantika, ta jawo damshi daga kudu, gajimare ya miƙe kamar rawani har ya ƙetare Sahara. A Janairun 2002 irin wannan ruwa ya sauka a arewacin Sanigal da kudancin Muritaniya kwana uku a jere. Ba alheri ya zama musu ba. Mutane sun mutu, dubban shanu da tumaki sun hallaka don sanyi, busasshiyar ciyawar da makiyaya ke dogara da ita ta ruɓe.

Mu kuwa ta wajen damina abin yake taɓa mu, kuma sau da yawa a juye. El Ninon da kan ƙara wa Iran ruwan sanyi, shi ne kan rage wa ƙasashen bakin hamada ruwan damina. An yi babban El Nino a 1972 zuwa 1973, aka sake yin wani a 1982 zuwa 1983, kuma duk wanda ya zauna da kakanninsa ya ji labarin farin 1973 da yunwar 1984. Ba shi kaɗai ne sanadi ba, don ɗumin tekun Atlantika da na Indiya ma suna da hannu. Bayan farin farko ne aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, domin lura da ruwan sama da amfanin gona.

Wani zai ce ai Allah ne mai saukar da ruwa. Haka ne, babu ja. Amma dattijon da ya dubi gabas ya ce hadarin nan na ruwa ne, ba wanda ya ce ya yi saɓo. Masana ma alama suke duba, sai dai tasu tana cikin teku, kuma takan bayyana watanni kafin shuka.

A ganina nan ne amfanin darasin yake ga iyayenmu. Manomin da ya yi binne, ko ya shuka gero da ruwan farko, sannan ruwa ya ɗauke mako uku, ya yi asarar iri da wahala. A shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutane da yawa a Zurmi da Shinkafi zuwa gonakinsu na nesa, 'yar gonar bayan gari ba ta jure shuka biyu. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: lokacin faɗuwarta, tsawonta, da inda ake tsoron ruwa zai ɗauke a tsakiya. Hasashe ne, wani lokaci yakan kuskure, amma ana fassara shi da Hausa. Ina roƙon ƙungiyar matasa manoma ta makarantarmu ta nemo na bana, mu kwafe abin da ya shafi ƙananan hukumominmu uku, kowa ya kai gida kafin hutun da ke gaban damina.