Murfin Tanki da Fitilar Inji

Tun 1996 aka wajabta sa kwamfuta mai gano lahani a motocin Amurka, irin waɗanda ake shigo mana da su. Tururin fetur ba a barinsa ya bi iska; gwangwanin gawayi ke tsare shi har inji ya ƙone shi. Idan ya sami kafa, fitilar inji ta kama, na'urar makaniki ta nuna P0455, babbar kafa ke nan, ko P0442, ƙarama.

Kada mu yi saurin sayen kaya. Mu fara duba murfin tanki: robarsa ta tsage ne, ko ba a ɗaure shi sosai ba? In lafiyarsa lau, sai makaniki ya hura hayaƙi cikin bututun, a ga inda zai ɓullo. Mu kuma daina ƙara mai bayan famfo ya tsaya, domin fetur kan jiƙa gawayin.