DAMON LAMINU: WANE ƘADANGARE YA DACE DA KIWO?

1. Baƙo cikin kwali

Ranar Litinin da safe, Laminu ya zo lakwal da kwali bisa kai. Yara suka kewaye shi, kowa yana leƙe. Cikin kwalin akwai ɗan damo, tsawonsa bai kai na hannun yaro ba. Yana kwance shiru, ko motsi ba ya yi.

Malam Isaka ya shigo aji, ya tambaya:

— Laminu, ina ka samo wannan baƙo?

— Malam, a gonar kawuna ta Jiratawa na kama shi, ranar Juma'a, muna cirar gyaɗa. Ina so in yi kiwonsa. Na ba shi tuwo da fura, ya ƙi ci. Kawu ya ce in bai ci ba, a kai shi kasuwa wurin masu magani.

— Yau kwana uku ke nan bai ci komi ba?

— I, malam.

Malam Isaka ya dubi damon, ya dubi yara, ya ce:

— To, yau darasinmu ya zo da kansa. Kafin mutum ya ajiye dabba, sai ya san ta. Ku faɗi dangin ƙadangare da kuka sani.

Yara suka yi ta ɗaga hannu. Malam ya rubuta bisa allo: ƙadangare, tsaka, kulɓa, hawainiya, damo, guza. Ya gaya masu cewa a duniya akwai irinsu fiye da 7000. Mafi girma yana tsibirin Komodo, ƙasar Indunusiya. Tsawonsa yana kai mita 3.

2. Kowa da nasa zaɓi

Rabi ta ce ita hawainiya take so, don ta fi su kyau. Ta taɓa ganin wata bisa iccen magarya, a hanyar Tibiri. Idonta guda yana duban gaba, guda yana duban baya. Tana riƙe reshe da ƙafafu da wutsiya. In ta ga fara, sai ta harbo harshenta mai tsawo, ta kama ta cikin ƙiftawar ido.

Ma'azu ya ce shi guza yake so, don ya fi ƙarfi. Masunta suna ganinsa a tabkin Madarunfa da bakin Gulbin Maraɗi. Ya iya iyo ƙwarai, kuma babba yana kai mita 2.

Nana ta ce kulɓa ta fi tsabta, jikinta sumul yana sheƙi. Sai Iro ya ce:

— Kai! Kulɓa da tsaka dafi gare su!

Malam ya ce:

— A'a, Iro. Masana sun bincika: tsaka ba ta da dafi, kulɓa ma ba ta da shi. Amma kashin dukan waɗannan dabbobi yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo da zazzaɓi. Shi ya sa ake rufe abinci da ruwan sha. Wanda ya taɓa su kuma, sai ya wanke hannu da sabuni.

Ba wanda ya zaɓi ƙadangaren bango. Yara suka ce ai wannan ko'ina akwai shi.

3. Tambayoyi huɗu

Malam Isaka ya rubuta tambayoyi huɗu bisa allo:

a) Mi dabbar take ci, kuma ana samun abincin rani da damina?
b) Wane irin wuri take bukata?
c) Tana iya cutar da mutane ko dabbobin gida?
d) Iyaye da hukuma sun yarda?

Aka fara da hawainiya. Ba ta cin komi sai ƙwaro mai rai, mai motsi. Rabi ta ce za ta sayo mata fara a kasuwa. Aji duka ya yi dariya, don farar kasuwa soyayya ce, da gishiri da yaji. Hawainiya kuma ba ta saba shan ruwa cikin kasko ba. Raɓa da ɗigon ruwa take lasa bisa ganye. In ana yawan taɓa ta, sai ta yi baƙi, ta buɗe baki tana huci. Launinta yana sakewa saboda zafi, ko haske, ko tsoro. Cikin keji ba ta daɗewa sai ta mutu. Rabi ta yi shiru.

Aka koma ga guza. Yana cin kifi, da kwaɗi, da ƙwai, da ƴan tsaki. Yana bukatar ruwa mai yawa. Yana cizo, yana yaƙushi, yana bulala da wutsiya. Ma'azu ya tuna da kajin innarsa, ya ce ya fasa.

Tsaka da dare take fita, lokacin da yara suke barci. Ƙarƙashin yatsunta akwai gashi ƙanana ƙwarai, su ke sa ta tafiya bisa bango har da rufin ɗaki. Amma iyaye ba su son ta cikin gida. Kulɓa kuwa ɓoyewa take yi cikin ciyawa da shara. In an kama ta da wutsiya, sai wutsiyar ta gutsure, ita ta gudu.

Sa'an nan aka zo ga damo. Malam ya ce:

— Damo ba ya cin tuwo. Abincinsa gyare, da fara, da ƙadandoniya, da katantanwa, har da kunama. Da damina da kaka yake ci ya yi kitse. In rani ya yi, sai ya shige rami ko tsohon suri, ya yi watanni ba ya cin komi, kitsen nan yake amfani da shi. Yanzu muna cikin Oktoba. Kowace rana da ya yi cikin kwali, ta rage masa guzurin rani. In ya girma kuma, yana kusan mita guda. Wane kwali zai ɗauke shi?

Laminu ya ce:

— Amma malam, ai ba ya kuka, ba ya faɗa.

— Hausawa suna cewa damo sarkin haƙuri. Shirunsa ba jin daɗi ba ne, Laminu.

Malam ya ƙara bayani game da hukuma. A shekarar 1973, ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Washinton, don tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Nijar ta shiga cikinta a 1975. Damo da guza da hawainiya duk suna cikin dabbobin da ba a fitar da su waje sai da takarda. Ana neman damo da guza saboda nama da fata. Daga Gana da Togo da Binin ana kai ƴaƴan damo Turai da Amurka don kiwo, da yawa kuma suna mutuwa a hannun waɗanda ba su san abincinsu ba. A nan Nijar, dokar 1998 ce ta tsara farauta da kare namun daji. Ma'aikatan ruwa da daji su ke kula da ita.

4. Shawarar aji

Sauran ƙadangaren bango, wanda kowa ya raina. Malam ya fitar da yara tsakar lakwal. Bisa katanga, wani jan gwada yana shan hantsi. Kansa ja, jikinsa shuɗi. Yana ɗaga kai yana saukewa, don ya nuna wa sauran maza wurin nan nasa ne. Kusa da shi akwai mata uku masu launin ƙasa.

Yara suka auna shi da tambayoyi huɗu. Abincinsa tururuwa, da gara, da fara, da ƙananan ƙwari. Shi yake nema da kansa. Wurinsa bango da rana. Ba ya da dafi, ba ya taɓa kaji. Ba mahaifin da zai hana yaro kallonsa.

Nana ta ce:

— Malam, ashe wannan ba ya bukatar keji!

— Haka ne. In an rufe shi cikin ɗaki ma, cutarsa aka yi. Jikinsa ba ya yin zafi da kansa kamar namu, sai rana ta ɗumama shi. Kuma in an tafi hutu, wa zai ba shi abinci?

Aji ya yanke shawara. Bayan lambun lakwal, yara suka tara fasassun tubala da duwatsu. Suka ajiye kasko da ruwa gefe. Iro ya ce da albarkacin kaza ƙadangare yake shan ruwan kasko, yau ga shi ya samu nasa. Aka kafa doka: ba jifa, ba harbi da danƙo. Kowane mako yara biyu suke sake ruwa, su rubuta abin da suka gani cikin littafin aji. Malam ya ce in damina ta kusa, su lura da matan: suna gina ɗan rami cikin ƙasa mai laima, su sa ƙwai kamar 5 zuwa 7, su rufe. Bayan wata biyu ko fiye kaɗan, ƴaƴa su fito.

5. Damo ya koma gida

Laminu bai ce komi ba har aka tashi. Damon nan shi ya kama shi da hannunsa, kuma bai taɓa mallakar dabba ba. Da marece ya gaya wa kawunsa abin da aka koya. Kawu ya ce:

— Kai ka kama shi, ɗana. Shawara taka ce.

Washegari, bayan an tashi daga lakwal, kawu ya ɗauke shi bisa keke zuwa Jiratawa. Laminu ya ajiye kwalin gindin wani tsohon suri, bakin gona, ya buɗe. Damo ya daɗe bai motsa ba. Can ya fiddo harshe, ya fito sannu sannu, ya shige rami. Laminu ya naɗe kwalinsa, suka juyo gida kafin magariba.

ABIN RIƘEWA

Dabbar daji ba abin wasa ba ce. Kafin a ajiye ta, a san abincinta, da wurin zamanta, da haɗarinta, da abin da doka ta ce. Wadda ba a iya ciyarwa, a bar ta inda take.

KALMOMI DA FARANSANCI

ƙadangare: le margouillat
tsaka: le gecko
hawainiya: le caméléon
damo, guza: le varan
suri: la termitière

TAMBAYOYI

1. Domi damon Laminu ya ƙi cin tuwo?
2. Mi zai same shi da rani in bai yi kitse ba?
3. Domi farar kasuwa ba ta dace da hawainiya ba?
4. Domi ake wanke hannu bayan an taɓa ƙadangare?
5. Da kai ne Laminu, mi za ka yi? Faɗi dalilinka.

AIKI

1. Ku zana jan gwada, ku rubuta sunan kowace gaɓa ta jikinsa.
2. Ku tambayi kakanninku karin magana uku game da damo, ko hawainiya, ko ƙadangare.
3. Lissafi: in hawainiya tana cin fara 6 kowace rana, fara nawa Rabi za ta kama cikin kwana 30?