KOYON ZAMAN ƊAN ƘASA TA HANYAR AIKI: DARASI DON MALAMAI DA IYAYE

Jama'a, ilmin zaman ɗan ƙasa shi ne sanin haƙƙin da mutum yake da shi a kan hukuma, da kuma alhakin da ke wuyansa game da ƙasarsa. An ba wannan fanni gurbinsa a cikin manhajar ilmin tushe ta shekara tara wadda aka fitar a 2007, daga baya kuma aka shigar da shi manyan makarantun sakandare. Amma fa haddar sassan tsarin mulki kaɗai ba ta isa ta mai da yaro ɗan ƙasa nagari ba. Sau da yawa ɗalibi yakan ci jarrabawa, alhali kuwa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba idan rijiyar unguwarsu ta lalace.

Sashe na 24 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan Nijeriya nauyin ba da gudummawa mai amfani ga ci gaban al'ummar da yake zaune a cikinta. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin kakanninmu da aikin gayya suke gyaran hanya da yashe rijiya. A Amurka ma, tun tsakiyar shekarun 1990, wani shiri mai suna Project Citizen ya riƙa sa ɗalibai su zaɓi wata matsala ta garinsu, su bincika ta, su gabatar da shawararsu gaban manya. Ga yadda malami zai bi da ajinsa a kan irin wannan tafarki.

Na farko, zaɓen matsala. Ɗalibai su lissafa abubuwan da ke damun unguwarsu, kamar toshewar magudanar ruwa, ko tarin shara a bakin kasuwa. Su yi muhawara, sa'an nan su jefa ƙuri'a. A nan ne za su fara koyon cewa ra'ayin masu rinjaye shi ake bi, amma ba a hana marasa rinjaye magana.

Na biyu, bincike. A ce magudanar ruwa suka zaɓa. Sai su auna tsawon inda ta toshe, su ƙidaya gidajen da ruwa ke shiga da damina, su tambayi ma'aikacin lafiya yadda ruwan da ya kwanta yake haifar da sauro, da yadda ƙazanta mai gurɓata ruwan sha take kawo amai da gudawa.

Na uku, sanin mai alhaki. Wannan shi ne zuciyar darasin. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma Jadawali na Huɗu na tsarin mulki ya sa kwashe shara, da kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da magudanan ruwa a cikin ayyukansu. Saboda haka wurin kansilan mazaɓa da shugaban ƙaramar hukuma za a fara kai kuka. Haka kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon neman bayani a rubuce daga ma'aikatar gwamnati, ta kuma tanadi a ba da amsa cikin kwana 7.

Na huɗu, shawara. Ɗalibai su kawo hanyoyi biyu ko uku na maganin matsalar, su duba kuɗin da kowace za ta ci, da wanda za ta amfana, da wanda za ta takura. Wadda suka zaɓa lalle ta dace da doka.

Na biyar, gabatarwa. A gayyaci mai unguwa, da iyaye, da kansila, ɗalibai su yi bayani da bakinsu cikin ladabi, su miƙa takardar roƙo, su riƙe kwafinta.

Malami jagora ne, kada ya zaɓar wa yara matsala, kada ya shigo da siyasar jam'iyya cikin aji, kada kuma ya tura su aikin da ke da haɗari ga lafiyarsu. Idan hukuma ba ta amsa ba, a sake rubutawa, domin naci ta hanyar doka shi ma darasi ne.

Iyaye, ku ba 'ya'yanku goyon baya. Yaron da ke da shekara 15 a yau, bayan shekara 3 zai isa jefa ƙuri'a. In ya saba tambayar wa ke da alhakin aiki, da wuya a sayi ƙuri'arsa da sabulu ko gishiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

TAMBAYOYI

1. Kawo ayyuka uku na ƙaramar hukuma.
2. Wace matsala ce ta fi damun unguwarku, kuma ofishin wa ya kamata a kai ta?